Babu Vot

A Unguwar Kumai, can bayan Fadan Kagoma, Afiniki ba ɗaya ba ce. Akwai ta gidan Fasto, akwai mai burkutu, akwai wadda ta auri ɗan reluwe ta bi shi Kafanchan. Amma in ka ce Afiniki Hannu-Sama, ba wanda zai sake tambayarka wacce. Ni Selina, facalarta ce. Mijina da nata, Kambai, uwa ɗaya uba ɗaya suke, danga ce kawai ta raba gidajenmu, kuma ta kan dangar nan mun sha faɗa a kan kaji har maƙwabta suka daina fitowa rabo. Don haka in na yabe ta, kada a ce na yi son kai. Mace ce mai taurin kai da saurin baki, ba ta iya raɗa ba ko a gidan makoki.

Sunan kuwa a coci ta samo shi. A ikilisiyarmu komai da ɗaga hannu ake yanke shi, zaɓen dattawa ne, zaɓen uwar zumuntar mata ne, har launin zanen da za mu yi anko da shi ranar Kirsimeti. Ba ma cewa ƙuri'a kamar Hausawan cikin gari. Vot muke cewa, yadda muka ji a bakin 'yan mishan da malaman makaranta. Fasto zai ce, "To, a yi vot," kafin ya rufe baki hannun Afiniki ya riga ya kai sama. Doguwa ce, hannun kuma kamar taɓarya, ba yadda za a yi mai ƙirga ya ce bai gani ba. Ta yarda da abin nan har cikin ranta. A ganinta in mutane suka ɗaga hannu suka rinjaya, magana ta ƙare, ko gwamna ne dole ya bi.

Citta ce ta raine ta, citta ce kuma ta ci mata ƙarfi. Tun tana yarinya take tonon ta bayan ɗaukewar ruwa, ta zauna da wuƙa tana tsagawa, ta shanya a kan falalen dutse, tafin hannunta ya yi ta zogi ta kasa riƙe tuwo mai zafi. In ta bushe a ɗura a buhu, a ɗauka a ka, a haye rafi zuwa bakin hanya inda lori ke tsayawa ya kwashe zuwa Kachia. Da ta yi aure ba abin da ya canza sai gonar. Kambai mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana biyu a wuni to ran nan ya yi surutu. Ita ce bakinsa a kasuwa, ita ce bakinsa a wurin sulhu. Shi kuma shi ke sassaƙa mata ƙotar fartanya daidai tsawonta, don na kasuwa duk sun yi mata gajarta. Tana yi masa faɗa yana murmushi, ta gama ta zuba masa nama mafi girma. Sun haifi 'ya'ya, ta fari Paulina, shi ya sa yake kiranta Maman Paulina.

Rafin nan shi ne tsakaninmu da duniya. Kasuwa, ɗakin shan magani, hanyar mota, duk suna wancan ƙetare. Da rani yaro ma yana tsallake shi ba tare da ya naɗe wando ba. Da damina kuwa sai ya zama wani abu dabam, ja wur, yana gurnani, yana tafe da itatuwa. Gadarmu ta giginya ce. Kakanni suka kayar da dogayen giginyu suka jawo su da igiya, suka jera daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka danne da duwatsu. Ba ta da kyan gani, tana rawa in ka hau, kuma lori ba ya bi. Amma ba ta taɓa hana mai ciwo zuwa wurin magani ba.

A farkon shekarar 1977 muka wayi gari da sabon abu wai shi kansila. An yi wa ƙananan hukumomi sabon tsari, kowane yanki da wakilinsa, namu kuwa Gregory ne, tsohon malamin makaranta, ɗan garinmu, mun san uwarsa mun san ubansa. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Mutum ne dai mai son ya kawo labari mai daɗi. Wata Lahadi bayan sujada ya miƙe da sabuwar kwat ɗinsa, zufa na tsiyaya, ya ce:

"Jama'a, gada namu ya shiga bajet. Gada na siminti, wanda lori zai hau ya shigo har ƙofan coci."

Cocin ya kaure da guɗa. Bajet ɗin nan ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, amma Gregory ya ce shi ne littafin da hukuma ke rubuta abin da za ta kashe a shekara, kuma abin da ya shiga ciki ya shiga ke nan. Shekarar gwamnati a watan Afrilu take farawa, in ji shi, don haka aiki zai kankama kafin ruwa ya yi ƙarfi. Namu kawai mu tara yashi da duwatsu, mu share wurin. Sabuwar gadar a mazaunin tsohuwar za ta zauna, don nan ne dutse yake a ƙasa. Ba a jima ba ma wani ya zo da keke ya kafa turaku masu jan fenti a gaɓar rafi, ya sha ruwa ya tafi. Wa zai ga jan fenti ya yi musu?

Wani tsoho ya ce a bar giginyun tukuna sai an ga buhun siminti da ido. Aka yi masa ca, wai tsufa ne ke damunsa. Fasto ya ce a yi vot, mai son a janye su ya ɗaga hannu. Ba sai na faɗi hannun wa ya fara tashi ba. Nawa ma ya tashi, na kusan kowa ya tashi, don duk wadda ta taɓa ɗaukar buhun citta a ka ta san abin da ake nufi da lori a ƙofar coci. Kambai ne na ga ya bar hannayensa a cinya yana ɗan tari. Da suka koma gida ina jin ta ta kan danga tana yi masa tas, wai ya ba ta kunya a gaban jama'a. Ya bari ta gama, ya ce, "Maman Paulina, ai kin ɗaga na mu biyu."

Aka yi gayya aka janye giginyun. Da yake lokacin ana ta gina azuzuwa saboda yaran da gwamnati ta ce dole kowa ya sa a makaranta, sai aka tsattsaga su aka yi azara aka rufa aji. Maza suka fafe gaɓar rafin hagu da dama don a sami wurin zuba tushe, har bakinsa ya yi faɗin da ba giginyar da za ta kai. Mu mata muka yi ta jidar yashi da kwanduna. Afiniki ta fi kowa jida, tana tafe tana tsokanar masu hutawa.

Tarin Kambai bai tsaya ba. Ya fara ramewa, yana zufa ba zafi, ran nan ya tofar da jini a bayan rumbu ya tura ƙasa ya rufe, ita kuwa ta gani. Ta sa shi gaba sai asibiti a Kafanchan. Suka ce tarin fuka ne. Akwai magani, amma allura ce kullum, wata da watanni, ba fashi, in aka yi fashi ciwon ya kan dawo da ƙarfin da ya fi na da. Aka ba su takarda su riƙa karɓa a ɗakin shan magani na ƙetaren rafi, wurin Malam Meshak mai allura.

Ta nemi 'yan'uwa a ƙetare su ba shi ɗaki ya zauna har ya gama. Kowa ya kawo dalili. Wannan baƙi za su zo masa, wancan rufin ɗakinsa na yoyo. Gaskiyar ita ce tsoron tarin ake yi, mu ma nan gida mun fara janye yaranmu daga tsakar gidansu, ta lura kuma ba ta ce komai ba, wanda a wurin Afiniki ya fi zagi ciwo. Ta roƙi Malam Meshak ya koya mata yin allurar da kanta. Ya ce ba shi da iko, shi kaɗai ne a wurin, sirinjin ma dafawa yake yi yana sake amfani da shi ga kowa. Saura hanya ɗaya, a kai Kambai kowace safiya a dawo da shi.

Afrilu ta zo, ruwa ya sauka, ba mu ga siminti ba. Da farko rafin iya gwiwa ne, Kambai yana dogara sanda tana riƙe da shi. Da ya kai cinya, ƙafafunsa suka daina iya tsayawa da ruwan, sai ta fara goya shi. Namiji magidanci, ta durƙusa ya hau bayanta, ta ɗaure shi da zane kamar jariri, ta shiga ruwa tana laluben dutse da ƙafa. Ranar farko da na gani na juya baya, don na san kunyar da yake ji. Yashin da muka tara kuwa, ruwan farko ya kwashe rabinsa ya tafi da shi.

Ta je ta sami Gregory a gida, ni ina biye. Ya fito yana ta inda-inda, idonsa a ƙasa.

"Malam Gregory, ina gada?"

"Mama, na je ofis, na je, na sake je. Sun ce babu vot."

"Babu mene?"

"Vot, Mama. Wai vot na gada babu."

"Ba mun yi vot a coci ba? Kai ma kana wurin."

"Wannan na ofis ne, Mama. Ni ma haka suka gaya mini."

Bai ƙara bayani ba, kuma har yau ina zaton shi ma bai gama ganewa ba, kunyar tambaya ce ta hana shi a gaban manyan ofis. Ita kuwa Afiniki tun a hanya fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun kafin asibiti. Ta ce, "Selina, ashe abu mai sauƙi ne. Ba su gan hannu namu ba. Mun yi a coci, su suna can. Sai mu kai musu."

A taron zumuntar mata ta miƙe ta faɗa, ba wadda ta ga aibin maganar. In vot ne babu, ai mu muna da shi, kowace da nata a jikinta. Muka fasa asusun zumunta muka ɗauki shatar lorin Okwudili, wani Inyamuri da ya dawo bayan yaƙi yana jigilar citta. Da safe muka naɗe zanen ankonmu muka ɗora a ka, muka riƙe hannun juna muka haye, ruwa iya ƙugu. Afiniki ta goyo Kambai ta ajiye shi a barandar Malam Meshak, ta ce ya jira ta, yau za ta dawo da gada. Muka sake shiri a bayan ɗakin magani muka cika lori, har da tsofaffin da sai da aka ɗaga su.

Ofishin ƙaramar hukuma dogon gini ne mai baranda, da tuta a gaba, da kekuna a jingine. Masinja ya tare mu ya ce wa muke nema. Afiniki ta ce mai ƙirga vot. Ya ce ba su da irin wannan. Ba ta tsaya jayayya ba, ta juya ta jera mu a filin gaban ofis yadda muke jeruwa ranar babban taron zumunta, ta tsaya a gaba ta ɗaga murya.

"Mu matan Unguwan Kumai ne. An ce gada namu babu vot. Wanda yana son gada, ya ɗaga hannu!"

Muka ɗaga gaba ɗaya.

"To, ga shi. Ku fito ku ƙirga."

Tagogi suka cika da kawuna. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Wata mai buga tafireta har da riƙe ciki. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ban san abin da muka yi ba daidai ba, na san dai mun yi. Hannaye suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Na Afiniki ko gezau.

Wani dattijo ya fito, Bahaushe mai furfura a gemu da biro a aljihu, akawu ne a ofishin ma'aji, sunansa Malam Lawal. Shi bai yi dariya ba. Ya daka wa na tagogin tsawa, ya sa aka kawo benci, ya ce tsofaffi su zauna. Ya tambayi abin da ke tafe da mu, Afiniki ta zayyana masa tun daga jan fenti har goyon da take yi kowace safiya.

"Baiwar Allah," ya ce, "vot ɗin da ake faɗa a nan ba na hannu ba ne. Mu a ofis, in an ce vot, aljihu ake nufi. Kuɗin hukuma ana raba shi aljihu-aljihu, wannan na albashi, wannan na magani, wannan na hanya. In an ce babu vot, ana nufin aljihun ba komai a ciki."

"Aljihu," in ji Afiniki.

"Aljihu."

"To wa ya ce a kira aljihu vot?"

"Haka muka gada daga Turawa."

Ya shiga ya fito da littafin, bajet ɗin da kansa, wanda saboda shi muka cire gadarmu. Ashe wasu takardu ne masu shuɗin bango da aka ɗinke da zare, duk da Turanci. Ya buɗe ya ɗora yatsa a wani layi ya fassara mana: gadoji da kwalbatoci, sai adadin kuɗi a gefe. Shi ke nan.

"Ina sunan gari namu?"

"Babu."

"Duba da kyau, Malam. Unguwan Kumai."

"Babu sunan kowane gari, baiwar Allah. Dunƙule shi aka yi. Ranar da aka zauna, kowane kansila ya kawo maganar gadarsa, aka ce masa an sa a bajet. Kowa ya tafi gida ya gaya wa mutanensa tasu ce. Ba ku ne na farko da suka zo ba. Kuɗin kuma ko na gada biyu masu kyau bai kai ba."

"To wanda akwai ɗin, yana ina?"

Ya ce an yi kwalbati a wani wuri, an kuma juyar da saura zuwa wani aljihun da ya ƙare, haka dokar ofis ta yarda in manya sun sa hannu. Wane aljihu, wane wuri, ya ce wannan ba a littafin nan yake ba, sai ƙarshen shekara in an rufe lissafi. Wata daga cikinmu ta ce ya ba mu littafin mu kai Fasto ya karanta wa jama'a. Ya girgiza kai, ya ce ba a fita da shi. Ba sirri ba ne, in ji shi, amma ba a fita da shi, kuma a iya saninsa ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a nuna masa sai yau.

Raina ya ɓaci ran nan irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma har yau in na tuna sai ya dawo. Ba satar da nake zargi ce ta fi ƙona ni ba, don ban ga wanda ya sata ba. Layin nan ne. Layi ɗaya, gajere, wanda da an karanta mana shi da Hausa a coci kamar yadda ake karanta sanarwar aure, da ko mahaukaci bai taɓa giginya ɗaya ba. Afiniki ma abin da ta faɗa ke nan, amma a hankali, da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Da kun karanta mana haka, da ba mu cire gada namu ba."

"Gaskiya ne."

"Yaushe za a sake cika aljihun?"

"Sai Afrilu mai zuwa. Ku sa kansilanku ya dage a rubuta sunan garinku ɓaro-ɓaro."

"Malam, miji na ba zai kai Afrilu ba."

Ya rufe littafin. Sai a lokacin na lura duk maganar nan da ake yi hannunta na dama yana sama, ta manta da shi. Ni na kama shi na sauke mata. A lori ba wadda ta yi waƙa. Okwudili da ya ji yadda aka yi ya mayar mana da rabin kuɗin shata ba tare da an roƙe shi ba. Da muka iso barandar ɗakin magani Kambai ya dubi fuskarta, bai tambaye ta komai ba, ya miƙa hannu ta durƙusa ya hau.

Maza sun yi ƙoƙari, kada in ci haƙƙinsu. Sun kayar da wata doguwar bishiya sun jawo ta, ta kasa kai gaɓa saboda faɗin da muka ƙara wa rafin da hannunmu. Sun ɗaura igiya daga wannan bishiya zuwa waccan don mai hayewa ya riƙe. Da igiyar nan Afiniki ta ci watan Yuli, ruwa iya ƙirji, Kambai a wuya yanzu ba a baya ba, mijina yana gaba yana tare mata itatuwan da ruwa ke kawowa. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Gonar cittarta ciyawa ta cinye, ba ta ko leƙa ba. Allurar kuwa tana aiki, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Jinin ya tsaya, ya fara cin tuwo, har ran nan na ji shi yana tsokanarta wai dokinsa ya fiye faɗa.

Sai Agusta ta shigo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, dare da rana. Rafin ya haura gaɓa, ya tsinke igiyar, ya kwashe turakun masu jan fenti da sauran yashinmu. Kwana da kwanaki ba mai hayewa, ko samarin da ke taƙama da iyo. Kowace safiya sai ta goyo shi ta zo bakin ruwa ta tsaya tana kallo, ko ya ragu, ta koma. Tarin ya dawo.

Wata safiya muka hango mutum a wancan ƙetare da keke da ɗan akwati. Malam Meshak ne, ya rufe ɗakin maganinsa ya zo da kansa. Yana ɗaga akwatin yana magana, ƙarar ruwa ba ta bari mu ji ba. Ga magani muna kallonsa, ga mai ciwo a bayan matarsa, tsakaninsu bai fi jifa da dutse ba. Kafin mu ankara Afiniki ta ƙara tamke zanen ta faɗa ruwa. Taku kaɗan ya kai mata wuya, ya fara juya ta. Mijina da wasu maza suka yi tsalle suka cafko zanen, suka jawo su biyun kamar buhu, tana dukansu tana ihu su sake ta, ai ga shi can, ga shi can. Ta tashi za ta koma. Kambai, yana kwance a laka yana haki, ya kama ƙafarta.

"Maman Paulina, ya isa. Kai ni gida."

Ta zauna a lakar nan ta yi kuka da ƙarfi, baki buɗe, kamar yarinya. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Malam Meshak ya daɗe tsaye a wancan gefe, daga baya ya ɗaure akwatinsa a keke ya tura ya tafi.

Da ruwa ya ja baya aka koma allura, amma ciwon ya riga ya gane hanya. Wannan karon maganin bai kama ba. Kambai ya rasu ana fara tonon citta, lokacin da rafin ya koma iya idon sawu, yara suna wasa a cikinsa. Masu zuwa gaisuwa daga ƙetare ko takalmi ba su cire ba. Gregory ya zo ya durƙusa a gabanta yana hawaye, ta ce masa ya tashi, ƙasa da sanyi. Ba ta zage shi ba, ba ta zagi kowa ba. Mu da muka saba da bakinta, shirun nan ya fi ba mu tsoro.

Afrilu ta zo ta wuce. An ce an sa mu a bajet, ba wanda ya yi guɗa. Muka yi gayya da rani muka cike gaɓar da muka fafe, muka je nesa muka sayi giginyu, muka mayar da gadarmu kusan yadda take. Afiniki ta yi jidar duwatsu tare da kowa. Tana zuwa coci, tana ba da baikonta, sadakar da muke sawa a coci, tana noman cittarta da gajeriyar fartanyar kasuwa tana sunkuyo. Amma in Fasto ya ce a yi vot, sai ta sa hannayenta a cinya ta dubi bango.

A 1979 soja suka ce za su mayar da mulki, 'yan siyasa suka bazu ƙauyuka. Wata rana da hantsi wasu suka ajiye motarsu a ƙetare, suka hau giginyunmu suna tangaɗi da manyan riguna, suka shigo gida-gida. An gaya musu in suna son matan garin nan sai sun bi ta kan Hannu-Sama. Suka same ta a tsakar gida tana tsaga citta, ni ina leƙe ta kan danga. Babbansu ya cire hula ya gaishe ta da ladabi, ya yi bayani mai tsawo, asibiti, ruwan famfo, da gadar siminti wadda lori zai hau. Ya ce abu ɗaya kawai suke roƙo.

"Mama, ki taimake mu da vot naki, ke da mata naki."

Ba ta ɗago ba sai da ta gama tsaga wadda ke hannunta. Ta dube shi sama da ƙasa, ba fushi a fuskarta.

"Babu vot," ta ce.

Ya yi dariya, yana zaton wasa ne, ya ce ai kowa yana da shi, gwamnati ta ba kowa, har mata.

"Na ce babu. An juya shi zuwa wani aljihu. Ka dawo Afrilu."

Suka dubi juna, ba wanda ya gane. Ni na gane, na sauka daga kan dangar na shiga ɗaki don kada su ga idona. Ina jin su suna sallama suna fita, ita kuma ta jawo kwandon ta ci gaba da tsaga cittarta.